Kafin Ka Bar Albashi Ka Koma Kwangila

A ce an yi maka tayi biyu a Najeriya: ka zama ma'aikaci a kan naira 200,000 a wata, ko ka yi aikin a matsayin ɗan kwangila a ba ka 250,000. Dubu hamsin ɗin nan za ta ja hankalinka, amma zauna ka yi lissafi tukuna.

Ma'aikaci na da haƙƙoƙin da ba ya ganinsu a alat ɗin banki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashinka a asusun fanshonka, kai kuma a cire maka kashi 8. Akwai inshorar rai, ninki uku na albashin shekara, da za a ba iyalinka idan ta Allah ta kasance. Akwai hutun shekara da na rashin lafiya, kuma albashi bai tsaya ba. Ɗan kwangila kuwa komai a wuyansa yake: kuɗin data, man janareta, gyaran kwamfuta, ga watan da zazzaɓi ya kwantar da shi ko sisi ba zai shigo ba. A ganina dubu hamsin ba za ta ɗauki wannan nauyi ba.

Wurin haraji ne aka fi yin sakaci. Ma'aikaci ofishinsa ke cirewa duk wata ya kai wa hukuma. Kai kuwa, in ɗan kwangila ne, galibi kashi 5 za a zaftare lokacin biyanka, wato 12,500 daga 250,000. Kuɗin nan ba ɓacewa suka yi ba, somin-taɓin harajinka ne. Don haka ka nemi takardar shaidar cirewa, ka duba lambarka ta haraji (TIN) ce a jiki. Kafin ƙarshen Maris kowace shekara, kai da kanka za ka bayyana abin da ka samu ga hukumar haraji ta jiharka. Daga Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta; abin da ya haura ana farawa daga kashi 15 har zuwa 25. Ke nan kashi 5 ɗin ba lallai ya wadatar ba. Ka riƙa ware wani abu, ka kuma adana rasit na duk abin da ka kashe don aikin, domin ana rage shi kafin a yanka maka haraji.

In har kwangilar ka zaɓa, kada ka fara aiki da yarjejeniyar fatar baki. A rubuta ranar biya, a rubuta nawa za a cire, sannan ka karɓi kafin alƙalami.