Darasi: Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu da Yadda Za A Shirya Mata

Manufar wannan darasi ita ce iyaye da ɗalibai su san bambancin jarrabawar da yaro yakan rubuta kafin ya sami shiga jami'a ko kwaleji, su kuma san abin da ya kamata a yi tun da wuri. A karanta shi tare a taron iyaye ko na matasa, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Dalilin wannan darasi

A Rigasa, cikin ƙaramar hukumar Igabi, gidaje da yawa suna da yaro ko yarinya da suka gama sakandare suna zaune. Waɗansu sun shekara biyu ko uku suna jira. Iyayensu manoma ne, ko 'yan kasuwa, ko masu sana'ar hannu. Sukan sayar da buhun masara ko akuya domin su biya kuɗin jarrabawa, amma in ka tambaye su wace jarrabawa suka biya, sai su ce, "Ta makaranta ce." Sau da yawa yaron yana da ƙoƙari, abin da ya tsare shi kuskure ne ƙarami: ya zaɓi darasin da bai dace ba, ko sunansa ya bambanta a takardu, ko bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Irin wannan kuskure yakan ci shekara guda cur, da kuɗin da aka tara da gumi.

2. Ƙofa biyu ce

Mu fara riƙe wannan. Mai neman babbar makaranta a Nijeriya yakan wuce ta ƙofa biyu. Ta fari ita ce jarrabawar gama sakandare, wadda take shaida cewa yaro ya koyi abin da aka koya masa. Ta biyu ita ce jarrabawar neman gurbi, wadda take gwada shi da sauran masu nema. Cin ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗayar. Tilas ne a sami duka biyu.

3. Jarrabawar gama sakandare

Hukumomi huɗu ne suke shirya ta.

WAEC ita ce mafi daɗewa. An kafa ta a 1952, ƙasashe biyar ne kuma suke tarayya a cikinta: Nijeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. 'Yan makaranta sukan rubuta ta wajen watan Mayu da Yuni.

NECO ta Nijeriya ce kaɗai. An kafa ta a 1999, hedkwatarta tana Minna. 'Yan makaranta sukan rubuta ta wajen Yuni da Yuli, wato bayan WAEC.

NABTEB ta ɗaliban makarantun fasaha da kasuwanci ce. An kafa ta a 1992, hedkwatarta tana Benin.

NBAIS ta ɗaliban makarantun Larabci da ilimin addinin Musulunci ce, hedkwatarta kuwa tana nan Jihar Kaduna.

A WAEC da NECO, sakamako daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 kuwa faɗuwa. Jami'a tana bukatar kiredit biyar cikin darussan da suka shafi karatun da yaro yake so, Ingilishi yana ciki. Lissafi ma wajibi ne ga masu kimiyya, fasaha da ilimin zamantakewa. Yawancin kwasa-kwasai suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, misali uku daga WAEC, biyu daga NECO. Amma ga karatun likita, jami'o'i da dama suna so a sami biyar ɗin a zama ɗaya.

To, wacce za a biya? Ga neman makaranta cikin Nijeriya, WAEC da NECO darajarsu ɗaya ce. WAEC ta fi sanuwa a ƙasashen waje. In hali ya yi, rubuta biyun yana da amfani, gama in Ingilishi ya kuɓuce a ɗaya, mai yiwuwa a same shi a ɗayar. In hali bai yi ba, a biya ɗaya a tsaya a kanta da gaske. Wanda ya riga ya bar makaranta kuma yana da gyara, WAEC da NECO duka suna da zaman masu zaman kansu wajen ƙarshen shekara. Sakamakon waɗannan jarrabawa ba ya tsufa.

4. Jarrabawar JAMB

An kafa hukumar JAMB a 1978. A da, jarrabawar jami'a dabam take da ta kwalejoji. A 2010 aka haɗa su wuri ɗaya, ana kiranta UTME. Tun 2015 kuwa ba a yinta da takarda da fensir, sai da kwamfuta.

Ga yadda take. Darussa huɗu ne: Ingilishi, wanda dole ne ga kowa, da waɗansu uku. Tambayoyi 180 ne, 60 na Ingilishi, 40 kuma ga kowane ɗaya na sauran. Lokaci awa biyu ne. Maki duka 400 ne, 100 ga kowane darasi. Kowace tambaya tana da amsa huɗu, a zaɓi ɗaya. Ku raba minti 120 da tambaya 180, za ku ga daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya.

A nan ne babban bambanci yake. WAEC da NECO sukan ɗauki makonni, akwai rubutu mai tsawo, akwai gwajin ɗakin kimiyya. JAMB zama ɗaya ce, sauri take nema tare da sani. Shi ya sa za ka ga yaro mai kiredit takwas ya faɗi JAMB. Kuma sakamakonta na shekara ɗaya ne kawai. Wanda bai sami gurbi bana ba, sai ya sake rubutawa baɗi.

Kada a ɗauke ta da wasa. A 2025 fiye da mutum miliyan 1.9 suka rubuta ta, mafi yawansu kuwa ba su kai maki 200 ba. A shekarar, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi shi ne 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Amma wannan ƙasan ma'auni ne. Kowace makaranta tana da nata, kwas mai yawan masu nema kamar likita, shari'a da aikin jinya yakan bukaci abin da ya fi haka nesa. Bayan JAMB kuma, jami'o'i da yawa suna da tasu jarrabawar tantancewa.

Irin wannan tsari ba a nan kaɗai yake ba. A Amurka akwai SAT, mai maki har 1600, da ACT, mai maki har 36, ɗalibi kuma yakan zaɓi wadda ta fi masa. A Nijar, jarrabawar bakaloriya ce take buɗe ƙofar jami'a. Waɗannan ba sa tsayawa a madadin JAMB ga mai neman aji ɗaya a jami'ar Nijeriya, saboda haka kada wani ya karɓi kuɗinku a kansu.

5. Wata hanya kuma

Ba ta UTME kaɗai ake shiga jami'a ba. Akwai IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da ita tun shekarun 1970. Karatu ne na kusan shekara guda a kan darussa uku. Wanda ya ci da kyau yakan nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Haka ma mai takardar NCE ko difloma ta ƙasa. Sai dai shi ma tilas ya sayi fom na shiga kai tsaye daga JAMB, kiredit biyar ɗin nan kuma suna nan a kansa. Kuɗin IJMB ya fi na UTME yawa ƙwarai, akwai kuma cibiyoyin da ba su da izini. A bincika kafin a biya.

6. Zaɓin kwas da makaranta

Kuskuren da ya fi ɓata wa yara shekara shi ne haɗin darussa. Mai son likita ya ɗauki Ingilishi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya ya ɗauki Ingilishi, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son shari'a kada ya bar Adabin Ingilishi. JAMB tana da littafin bayani mai nuna haɗin kowane kwas, da manhajar kowane darasi, duka kyauta ne a intanet. A duba su kafin rajista. Kada a bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa wa yaro.

Ku sani kuma, jami'o'in tarayya sukan raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi. Saboda haka ɗan Kaduna yana da dama a Zariya fiye da a jami'ar da ke nesa. Muna da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, da ta Nuhu Bamalli a Zariya, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Ga ɗan manomi mai son gona da dabbobi, akwai Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi a hanyar Mando, da Kwalejin Aikin Gona ta Samaru. Yaron da ya sami maki 170 ya nace sai likita zai zauna a gida. In ya karɓi difloma ta aikin gona, bayan shekara biyu yana da sana'a, hanyar jami'a kuma ba ta rufe ba.

7. Kafin rajista

Rajistar JAMB takan kasance a farkon shekara, jarrabawar kuma wajen Afrilu. A shirya waɗannan tun kaka:

a. Lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Tun 2021 ba a rajista sai da ita.

b. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN, da takardar WAEC ko NECO, da JAMB. Harafi ɗaya yakan jawo wahala.

c. Layin waya na yaron kansa, wanda ba zai ɓata ba. Ta nan saƙonni za su zo har ranar samun gurbi.

d. Kuɗi. A 2025 an biya naira 7,200, ko 8,700 tare da jarrabawar gwaji. Yakan sake daga shekara zuwa shekara. A ajiye kuɗin mota kuma, gama ana iya tura yaro cibiya mai nisa.

e. Rajista a cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai.

f. 'Yan mata su bar ƙunshi a yatsu kafin rajista da kafin jarrabawa. Lalle yakan hana na'ura karanta zanen yatsa, hukumar kuma ta yi gargaɗi a kan haka.

8. Yadda za a yi karatu

Da safe ake kama fara. Kai ɗalibi, fara tun wata shida kafin lokaci. Ɗauki manhaja, ka yi alama a kan abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ka fara da mai wuyar. Awa biyu kowace rana sun fi kwana uku ba barci a makon jarrabawa. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, yi karatu da asuba da hasken rana.

Nemi tambayoyin shekarun baya. Ka amsa su da agogo a gabanka, ka duba kuskurenka, ka koma littafi ka gane dalilin amsar. Haddar amsa ba ta da amfani, gama akan juya tambaya. Karanta littafin labari da JAMB ta sa cikin Ingilishi na shekarar, daga farko har ƙarshe. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a unguwa, kowa ya koya wa sauran darasin da ya fi iyawa.

Je ka koyi kwamfuta. Ba sai ka iya buga rubutu ba. Haruffan A, B, C da D na zaɓin amsa ne, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. In da hali, rubuta jarrabawar gwaji, domin tsoro ya fita. A ranar jarrabawa ka tafi da wuri da takardar shaidar zamanka, ka bar waya a gida. Amsa masu sauƙi tukuna, sa'an nan ka koma ga masu wuya. Kada ka bar tambaya ba amsa.

9. Aikin iyaye

WAEC da NECO sukan faɗo daidai lokacin shuka da noman fari. Ku sassauta wa yaro aikin gona a waɗannan makonni. Ku rage wa yarinya talla da ɗiban ruwa, ita ma jarrabawa ɗaya take rubutawa da ɗan'uwanta. Ko ba ku yi boko ba, kuna iya tambaya kowace yamma, "Me ka karanta yau?"

Ku guji makarantar da ta ce a ƙara kuɗi za a taimaki yara a ɗakin jarrabawa, da mutumin da ya ce zai ƙara maki a kwamfuta. Dokar 1999 ta sa tara ko ɗauri a kan satar jarrabawa, hukuma kuma takan soke sakamakon cibiya ɗungum, har da na yaran da ba su yi laifi ba. Wanda ya shiga jami'a da makin saye, karatun aji ɗaya zai tona shi.

Bayan sakamako ya fito, aiki bai ƙare ba. Tun 2017 duk gurbin karatu ta shafin JAMB mai suna CAPS yake fitowa. Yaro ya tabbata an ɗora sakamakonsa na sakandare, ya riƙa dubawa, in an ba shi gurbi ya karɓa da kansa cikin lokaci.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin aikin WAEC ko NECO da na JAMB?

2. Yara nawa ne a unguwarku suka gama sakandare suna zaune? Me ya tsare kowannensu?

3. In yaro ya sami kiredit biyar da maki 160, waɗanne hanyoyi ne suke gabansa?

4. Wa yake da kwamfuta ko ilimi a cikinku da zai ba yara awa biyu a mako?

5. Yaya ƙungiyarku za ta yi adashi tun kaka domin kuɗin rajista?