Amsoshin Tambayoyinku: Sola za ta riƙe jami'an tsaro a fadamar Haɗeja?

Tambaya: Ƙanena yana cikin jami'an tsaron da ake turawa wajen Guri da Kirikasamma da damina. Kullum wayarsa a mace take, wai man janareta ya ƙare. Shin sola ba za ta wadatar da su ba? Daga wani mai karatu a Malam Madori.

Amsa: Malam, za ta wadatar, amma sai an yi lissafi kafin a shiga kasuwa.

Wanda ya san fadamar nan ya san inda gizo ke saƙar. Idan kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, kamar ambaliyar 2022, hanyoyi kan yanke, ciyawar kachala ta toshe magudanan ruwa, jarkar fetur kuwa sai a kwalekwale take isa sansani. Duk ranar da ba ta iso ba, oba-oba ta mutu, jami'i ya rasa yadda zai kira ɗauki. Wannan ya fi damuna a kan kiran gida, domin rai ne a ciki. Sojojin Amurka ma sun sha irin wannan wahalar a Afganistan, inda ake yi wa ayarin tankokin mai kwanton ɓauna, shi ya sa a 2010 wata rundunarsu a Sangin ta gwada farantan sola masu naɗewa kamar tabarma.

To, ga misalin lissafi. Oba-oba 10, wayoyi 20, da fitilu 4 masu wat 10 da za su kwana a kunne, duka ba za su kai yunit ɗaya na wuta a yini ba. Faranti biyu masu wat 200 kan ba da kusan yunit ɗaya da rabi idan rana ta buɗe. A watan Agusta, da hadari ke rufe sama, abin kan ragu sosai, don haka a nemi batirin da zai riƙe su kwana biyu. Na litiyam ya fi, saboda mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa zuwa kwalekwale. A ɗora shi kan katako a inuwa, nesa da laima da zafin rana. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar faranti kowace safiya.

Ban ce a jefar da janareta ba. A bar ƙarami don kwanakin marka, ya yi awa biyu ya cika batir a kashe shi. Firji da dutsen guga kam kada a kusantar da su, su ne ke shanye batir kafin tsakar dare.