Dalilan Gamsuwa da Tsarin Sarrafa Bayanai a Ƙananan Sana'o'i

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayani a kan dalilan da ke sa mai ƙaramar sana'a da ma'aikatansa su gamsu da tsarin sarrafa bayanai da suke aiki da shi, ko kuwa su yi watsi da shi su koma ga littafi da biro. Al'amarin yana da muhimmanci, domin ɗan kasuwar da ya zuba wani kaso na jarinsa a kan kwamfuta da manhaja, sannan aka bar su ƙura tana ci, ya yi asarar da ba lallai ya iya mayarwa ba.

1.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tsarin sarrafa bayanai shi ne haɗuwar na'ura da manhaja da mutane da ƙa'idojin aiki domin tattara bayanai, adana su, da fito da su a lokacin buƙata. A shagon sayar da magani, alal misali, tsarin ya ƙunshi kwamfutar da ke lissafin haja, da na'urar POS da ake karɓar kuɗi da ita, da yaron shagon da ke shigar da ciniki.

Dangane da ƙaramar sana'a kuwa, hukumar SMEDAN mai kula da bunƙasa irin waɗannan sana'o'i a Nijeriya ta kira wadda ma'aikatanta suka kama daga 10 zuwa 49 ƙarama, wadda ba su kai 10 ba kuma 'yar ƙanƙana. Duka biyun sun shiga cikin wannan bayani.

Ita kuma gamsuwa, ita ce jin da mai aiki da tsarin yake yi cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Masana sun mayar da hankali a kanta ne saboda yana da wuya a tantance ribar da kwamfuta ta jawo ita kaɗai, amma ana iya tambayar mai amfani da ita a ji ra'ayinsa.

1.2 Ingancin Bayani da Ingancin Tsari

A shekarar 1988, Doll da Torkzadeh sun kawo ma'aunai biyar na gamsuwar mai aiki da kwamfuta. Su ne: abin da bayanin ya ƙunsa, da daidaitonsa, da fasalin da ya fito da shi, da sauƙin aiki da tsarin, da samun bayanin a kan lokaci. Idan manhaja ta nuna cewa akwai turmin atamfa goma a sito, aka je aka tarar da bakwai, to daidaito ya rushe. Mai shagon da ya ga haka sau biyu ko uku zai koma ƙirga kayansa da hannu.

A shekarar 1989, Fred Davis ya nuna cewa abubuwa biyu ne ke sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha: ganin amfaninta ga aikinsa, da ganin sauƙin sarrafa ta. Bincikensa ya nuna cewa ganin amfani ya fi tasiri. Wato mutum yakan jure wahalar koyon abin da ya tabbatar zai amfane shi, amma sauƙi kaɗai ba ya riƙe shi a kan abin da bai tsinana masa komai ba.

1.3 Rawar Mai Sana'a

Babban kamfani yana da sashe na musamman mai kula da kwamfutoci. Ƙaramar sana'a ba ta da wannan gata, don haka duk shawara tana hannun mutum ɗaya. William DeLone ya yi nazarin ƙananan masana'antu a Los Angeles ta Amurka, ya wallafa sakamakonsa a 1988, inda ya gano cewa sanin da mai masana'anta yake da shi game da kwamfuta, da yadda yake sa hannu a aikin, suna cikin manyan dalilan nasara. Hikimar wannan a fili take. Mai sana'a ne ya san yadda yake ba da bashi da yadda yake yi wa abokin ciniki ragi. Idan bai zauna ya bayyana waɗannan ba kafin a zaɓi manhaja, sai a kawo masa wadda ba ta dace da cinikinsa ba.

1.4 Taimakon Ƙwararru na Waje

A shekarar 1996, Thong da Yap da Raman sun wallafa nazarin ƙananan sana'o'i 114 a Singafo. Sun gano cewa ingancin taimakon dillalin na'ura da mai ba da shawara ya fi goyon bayan mai sana'ar kansa tasiri. Haka kuma, DeLone da McLean, waɗanda suka tsara ma'aunin nasarar tsarin bayanai a 1992, sun sabunta shi a 2003 suka ƙara ingancin hidima a matsayin rukuni mai zaman kansa. Ke nan, dillalin da ya horar da ma'aikata, ya kuma amsa kira ranar da na'ura ta tsaya, yana cikin abin da aka saya.

1.5 Yanayin Wurin Sana'a

A Nijeriya, wutar lantarki da ƙarfin sabis suna shiga cikin lissafi. A farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, ƙananan 'yan kasuwa da yawa sun koma karɓar kuɗi ta waya da POS. Wasu sun sha fama da cinikin da aka cire kuɗi daga asusun mai saye amma bai iso ba. A irin wannan hali, manhaja mai kyau ma takan sha zargi a kan laifin da ba nata ba. Harshe ma dalili ne, domin yaron shagon da bai ƙware a Ingilishi ba yakan yi kuskure wajen shigar da bayani, kuskuren kuma ya ɓata lissafi.

1.6 Kammalawa

An ga cewa gamsuwa tana tattare da ingancin bayani, da sauƙin tsari, da yanayin wurin aiki. Sai dai a ƙaramar sana'a, mutane biyu ne suka fi riƙe ragamar al'amarin, wato mai sana'ar da ya san abin da yake nema, da ƙwararren da ke tsaya masa bayan an yi ciniki.

1.7 Auna Fahimta

1. Kawo ma'aunai biyar na Doll da Torkzadeh, tare da misali ɗaya ga kowanne.
2. Me ya sa taimakon ƙwararru na waje ya fi muhimmanci ga ƙaramar sana'a a kan babban kamfani?
3. Ziyarci wani shago mai aiki da kwamfuta ko POS, ka rubuta rahoton shafi ɗaya da daidaitacciyar Hausa a kan gamsuwar ma'aikatansa.