Darasi: Mazauni da Razdan

Idan aka ce "Ngozi mazauniyar Kano ce", ana nufin a Kano take rayuwa, ko da ba a can aka haife ta ba. Kalmar ta fito ne daga aikatau "zauna". An ɗora ɗafa-goshi ma- a gaba, aka sauya ƙarshen kalmar: mazauni (namiji), mazauniya (mace), mazauna (jam'i). Haka aka gina manomi daga "noma", da maɗinki daga "ɗinka". Sai dai ɗalibi ya kula da karin sauti, domin akwai wani "mazauni" da ke nufin wurin zama, kamar kujera ko tabarma. Rubutunsu ɗaya, amma a na wurin zama duk gaɓoɓin da sautin sama ake furta su, a na mutum kuwa murya takan sauka a kan gaɓar tsakiya.

Abin sha'awa shi ne, Ingilishi ma ta wannan hanya ya bi. Kalmarsa "resident" ta samo asali daga Latin, daga "sedere", wato zauna. Bahaushe da Bature ke nan sun ɗauki mai gida a matsayin wanda ya zauna bai tashi ba. Balarabe kuwa yana cewa "muƙim", daga tushen da ke nufin tsayuwa. Daga wannan tushe ne "iƙama" ta fito, wadda ake yi kafin a tayar da salla, kuma da ita ake kiran takardar izinin zama a Saudiyya.

Kalmar Ingilishin ta shigo Hausa, amma da wata ma'ana dabam. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun raba Arewa larduna, suka ɗora Bature a kan kowane lardi. Sunan muƙaminsa, wanda suka daɗe suna amfani da shi a Indiya, yana nuna wai baƙo ne mazauni kusa da sarki, mai ba shi shawara. Hausawa suka ji sunan, suka yar da "t" ta ƙarshe, suka ce Razdan. Ba su taɓa ɗaukar sa mazauni kawai ba, domin shawararsa umarni ce, kuma Di'o ma a ƙarƙashinsa yake.

Aiki: Wace kalma ake amfani da ita a harshenku don mazauni? Daga wane aikatau ta fito, zama ko tsayuwa ko wani abu dabam?