DARASI: LADABI DABAN, MUTUWAR ZUCIYA DABAN

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayen yara na Wanke da kewaye, darasinmu na wannan fitowa a kan kalmar nan ne da ta zauna a bakin samarinmu, wato "ba ruwana". Rijiyar unguwa ta rufta, ba ruwana. Ana sayar wa yara ƙwaya a bayan kasuwa, ba ruwana. Zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ma, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Abin haushi, irin wannan yaro shi muke yabo, mu ce salihi ne, ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. To, shiru ba shi ne ladabi ba.

Ku duba hadisi na 34 cikin Arba'una da kuka haddace. Ya jera matakai uku na kawar da ɓarna: hannu, harshe, sannan zuciya, kuma ya nuna na ƙarshen shi ne mafi rauni. Wanda ko zuciyarsa ba ta motsa ba fa, a wane mataki za a ajiye shi?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, an haife shi a 1754, ya fara wa'azi a Degel yana da kimanin shekara 20. Wajen 1786 ya shigo ƙasar nan ta Zamfara, ya yi kamar shekara 5 yana karantarwa, tare da ƙanensa Abdullahi, wanda shi ma a lokacin bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba. Mata suna zuwa wajen wa'azin, abin da ba a saba gani ba. Sai wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da baitoci yana sukar haka. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba da amsa. Saurayin nan bai ce "ni wane ne" ba, bai kuma zagi kowa ba. Ya amsa da baitoci, ya kafa hujja cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wannan muni. 'Yan matan da ke ajinmu yau, ku san cewa an taɓa yin gardama a kan zamanku wajen karatu, kuma saurayi ne ya tsaya muku.

Wajen 1788 kuma Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Sallar Layya, ya raba musu dukiya. Shehu ya ƙi karɓa. Maimakon haka ya roƙi abubuwa 5, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki waɗanda ke kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Da ya karɓi zinariyar kamar sauran, da bakinsa ya rufu. Saurayin da ya karɓi kuɗin bangar siyasa ya auna kansa da wannan. Cikin almajiran da suka bi Shehu har da Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau.

Kada wani ya ce malam ya ba mu izinin yi wa iyaye tsawa, ko ɗaukar makami da sunan gyara. A'a. Wannan ba jarumta ba ce, kuma mun ga inda ɗaukar doka a hannu ya kai ƙasar nan. Su ma yaran da suka bi 'yan bindiga daji ba tawaye suka yi ba, bin ayari suka yi: abokai sun tafi, su ma sun bi. Mai "ba ruwana" da mai bin ayari cuta ɗaya ke damunsu, duk ba su tambaya.

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Iyaye, in yaro ya ce "Baba, me ya sa?" a yi haƙuri a amsa masa, kada a ce ya yi fitsara. Mu ma malamai, bulala tana koyar da hadda, amma ba ta koyar da tambaya.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuto, da ajami ko da boko, abu guda da ya lalace a unguwarsu, da wanda ya dace a kai wa maganar, mai unguwa ne ko liman, da kuma kalmomin da zai faɗa in ya durƙusa gabansa. A kawo ranar Asabar.