RAMA DA JIRGIN SAMA

Manoman Tsaskiya da na sauran ƙasar Safana da Batsari, kowa ya san rama. Ganyenta kwaɗo, bawonta igiya. To, tun da igiyar leda ta shigo kasuwa, waɗansu sun daina kula da bawon. Wannan kuwa hasara ce.

Ga dalili. Babban abokin gaban jirgin sama shi ne nauyi, don jirgi mai nauyi ya fi shan mai. Saboda haka maƙeransa kan jera zare, su zuba masa wani irin ƙaro, su danne har ya daskare ya zama allo mai ƙarfi, marar nauyi. Wajen rabin nauyin jirgin Boeing 787 irin wannan haɗi ne, amma zarensa na masana'anta ne, mai tsada, ba ya kuma ruɓewa in an yar.

Shi ya sa masana suka waiwayi gona. Tun 1940 aka gwada gangar jikin jirgin yaƙi na Spitfire da zaren wani tsiro a Ingila. Kamfanin Toyota kuwa ya sa zaren rama a cikin ƙofofin mota. A jirgi, bangon ciki da ma'ajiyar kaya ake nufi da shi, ba fiffike ba, don zaren shuka yana shan laima, yana kuma cin wuta.

Akwai kuma bawon itacen da ake toshe kwalba da shi. Ƙasar Fotugal ke ba da kusan rabin na duniya, har roka ake lulluɓewa da shi don tare zafi. Sai bayan shekara 9 suke sake ɓare itace ɗaya, ba sa sare shi. Masu ɓare kuka don igiya, ga darasi.

Mai son zare mai daraja ya shuka rama a matse, don ta miƙe ba rassa. Ya yanke da zarar ta fara fure, ya ɗaura dami-dami, ya jiƙa a tafki kamar mako 2. Sa'an nan ya saɓule bawon, ya wanke tas, ya shanya bisa igiya, kada ya taɓa ƙasa. Zare mai datti ko ɗanye ba ya kuɗi.

Amma kada kowa ya rage gonar gero tun bai ga mai saye ba. A fara da gefen gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.