Hoton Ƙashi Ba Ya Ganin Laka

Babu maganar da take cutar da ƙananan yara bayan hatsari kamar "an yi hoto, an ce ba komai." Kusan kullum hanya ɗaya abin yake bi. Yaro ɗan shekara huɗu yana zaune a kan tankin babur, mahaifinsa ya taka birki da ƙarfi, yaron ya wuntsila ya faɗi da ka. Ya yi kuka, ya miƙe, ya taka da ƙafarsa. A hanya ya ce wa mahaifiyarsa ƙafarsa ta yi nauyi, kiyashi kuma na yawo a hannunsa, bayan 'yan mintuna abin ya wuce. Aka yi hoton wuya, babu karaya, babu gocewa, aka rubuta maganin ciwon jiki aka sallame su. Kwana biyu yana wasa, ana goya shi kai na lilo, da ya ci gaba da riƙe wuya a karkace sai aka kai shi wurin mai ɗori, ya dafa kan ya murɗa, wai yana gyara targaɗe. Ran na uku yaro ya kasa tashi daga tabarma, fitsari ya tsaya, mara ta kumbura. Daga nan sai a fara cewa iska ce ko shan inna, a manta da faɗuwar gaba ɗaya, tunda ai hoto ya wanke ta.

Hoton bai wanke komai ba. Ƙashi yake gani, laka kuwa ba ta fitowa a cikinsa, kuma ko siti-sikan aka yi ba lallai ne a gan ta ba. Tun 1982 likitoci biyu a birnin Pittsburgh na Amurka, Pang da Wilberger, suka bayyana wannan rauni a yara 24 suka sa masa suna SCIWORA, wato raunin laka da hoton ƙashi bai nuna ba. Dalilin yana cikin halittar yaro, musamman wanda bai kai shekara 8 ba. Kansa ya yi wa jikinsa girma, naman wuyansa bai yi ƙwari ba, jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin wuyan suna da saki, gaɓoɓin kansu a kwance suke ta yadda za su zame su komo mazauninsu. Wurin da wuyansa ke lanƙwasa ma can sama yake, wajen gaɓa ta biyu da ta uku, saɓanin babba da nasa ke ƙasa. Binciken Leventhal na 1960 a kan gawarwakin jarirai ya nuna ƙashin bayansu yana miƙuwa har inci 2 bai rabu ba, laka kuwa rubu'in inci kawai take jurewa. Kamar wayar caja ce: robar waje ta ja ta koma sumul, siririyar wayar ciki ta tsinke. Wannan laushin da muke yabo, muna cewa yaro ba ya karyewa, shi ne yake ba da lakar.

Za a ce ai ya taka da ƙafarsa har gida. Wannan ne ma abin tsoron. A cikin yaran da Pang da Wilberger suka duba, kimanin rabi shanyewar ba ta bayyana nan take ba, wasu sai bayan kwana 4, kuma da yawansu sun ji sanyin gaɓa ko mutuwar jiki na ɗan lokaci tun a wurin hatsarin, ba wanda ya kula. Wuyan da ya zame sau ɗaya yana iya sake zamewa, kumburi da ƙarancin jini kuma suna ƙarasa abin da faɗuwar ta fara. Kwanakin nan ne kaɗai damar da ake da ita, su ne kuma ake ɓarnatarwa a wurin mai ɗori da mai kemis. Laka in ta yanke gaba ɗaya da wuya ta dawo.

Za a kuma ce MRI, hoton da ke ganin laka, tsada gare shi, sai manyan asibitoci, yaro ƙarami ma sai an sa shi barci kafin a yi. Gaskiya ne, talaka ba zai ji daɗin kuɗin ba. Amma tambaya kyauta ce, duba yaro ma kyauta ne. Abin haushi shi ne ma'aikacin lafiya ya ɗaga fim a taga ya ce ba komai, bai tambayi uwa ko ƙafar ta taɓa mutuwa ba, bai sa yaro ya matse masa yatsa ba, bai taɓa mara ba. Wannan sakaci ne, ba rashin kayan aiki ba. Ko babu MRI a garin, ana iya sa wa yaro abin tallafe wuya a tura shi gaba. Maganin ma galibi ba tiyata ba ne: a tsare wuyan har mako 12, a hana shi kokawa da tsalle-tsalle na kimanin wata 6. Iyayen da ke cire abin wuyan bayan mako guda saboda zafi ko don yaro na kuka su ma suna da nasu laifin.

Ba cewa ake duk yaron da ya yi tuntuɓe a ɗaure masa wuya ba. Wanda ake nufi shi ne wanda mota ko babur ta kaɗe, ko ya faɗo daga bishiya ko bene, sannan ya yi ƙorafin wuya, ko ya ƙi juya kai, ko gaɓa ta mutu masa ko da na minti ɗaya ne.

Irin wannan kada a goya shi. Kada a zaunar da shi a babur. A kwantar da shi a kan katako, a sa zani a ninke ƙarƙashin kafaɗunsa don kada girman kan ya lanƙwasa wuyan, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki har asibiti. Kada kowa ya murɗa wuyan yaro, ko shi wane ne. In an sallame ku sai ƙafa ta fara ja ko fitsari ya tsaya, ku koma a daren, kada ku jira gari ya waye.

Iyaye, in likita ya ce hoto lafiya lau, ku gaya masa abin da yaron ya ce ya ji a wurin da ya faɗi, ku kuma nemi a duba ƙarfin hannuwansa da ƙafafunsa kafin ku bar ɗakin.